Miƙa Mata Ya Yi Ko Jefa Mata?

"Lafiya lau, Kaka. Kai ne dai na ga ka ƙara ranƙwafewa tun ran Lahadi."

"Don in hango ki na ranƙwafa. In na miƙe ai sai dai in riƙa jin murya daga ƙasa."

Gaisuwarsu ke nan, Virgil Tatum da jikarsa Renita, tun tana 'yar mitsitsiya. Shi tsohon, shekara talatin da ɗaya ya yi yana alƙalancin ƙwallon 'yan makaranta, irin mai tsini biyun nan da ake runguma a ruga da ita, a nan wajenmu jihar Jojiya, duk ran Juma'a, har gwiwa ta ce masa ya isa haka. Ita kuwa raba wasiƙa ne aikinta, sai rana tsaka ta ce ita ma rigar nan ta alƙalan wasa mai zanen baƙi da fari take so. To ƙungiyar alƙalai ba ta ɗaukar sabon shiga sai wani tsohon hannu ya tsaya masa a takarda, kuma ran nan ƙarfe biyar ake rufe karɓa. In ta wuce sai baɗi. Ga takarda a hannunta, ga tsoho a baranda yana ɓarar dafaffiyar gyaɗa, huɗu ta kusa.

"Sa min hannu in wuce, sauri nake."

"In sa hannu a kan me? Ke da in yaran nan ƙarti suka jeru, sai an ɗora ki a wuya kafin ki ga ƙwallo?"

"Kai da kake da tsawon me ka gani? Har yau akwai gidan da in na kai wasiƙa sai an tambaye ni ko kakana ya samu tabarau."

"Mahassada ne. Ni daga wannan ƙarshen fili nake ƙirga gashin gemun mai horarwa a wancan ƙarshen."

"Jiya Kaka Opal ta ce kare ka gaisar a ƙofar coci."

"Ya fi wasu jikokin ladabi, ya amsa."

Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga wando, ya sauko tsakar gida yana dogara sanda. Ya jawo tiyon ban-ruwa ya miƙar da shi a ƙasa, ya ce nan ne layin da ake fara wasa. Sai ya ƙwala wa matarsa Opal kira ta kawo masa abin da zai yi ƙwallo da shi. Opal ta fito da wani ƙaton dankali, dogo mai tsini biyu, naɗe cikin tsumma.

"Tsaya can, guntuwa. Uku zan yi. Ki kuskure biyu, ki dawo baɗi."

Ya tsallake tiyo taku uku, Opal tana gabansa, ya danƙa mata dankalin da tsummansa.

"Laifi," in ji Renita. "Ka wuce layi, ba ka da ikon miƙawa gaba. Baya kaɗai."

"Wannan ko akuya ta sani."

Ya karɓe dankalin ya koma ya raba ƙafa, ɗaya a baya, ɗaya ta haye tiyo sosai, ya ɗaga hannu kamar zai yi jifa.

"Wannan fa?"

"Daidai ne. Ai sai duk jikinka ya wuce."

Tsoho ya yi dariya har da tari.

"Ashe a talabijin kika yi karatu. Wannan dokar Lahadi ce, ta manya masu cin albashi. Ran Juma'a yaran makaranta ne, ƙafa ɗaya ta haye, jifa ya haramta. Opal, kin ji wadda za a ba usur."

Renita ta san ya kama ta. Ta saci kallon agogo.

"Saura ɗaya. Yi, kafin gwiwar ta mutu a hanya."

Ya koma bayan layi. Wai tsumman yana hana shi riƙo irin na ƙwararru, ya zare ya yar. Ya ce Opal ta gifta ta gabansa da gudu. Gudun Opal kuwa kun san shi, tafiyar zuwa coci ce aka ɗan ƙara wa gishiri. Tana giftawa, hannu ya nufi hannu, sai ga dankali tim a ƙasa, ya fashe gida biyu.

"Faɗi," in ji Virgil.

"Jifa ne gaba, ba a cafe ba. Ƙwallo ta mutu, a koma inda aka fara."

"Miƙawa ce. Na sa mata a hannu ta saki. Ƙwallo na raye, duk wanda ya faɗa kanta tasa ce."

"Miƙawa sai hannunka da nata sun haɗu a kanta lokaci ɗaya. Na ga haske tsakaninku."

"Haske? Shekara hamsin da biyu muna tare, ba wanda ya taɓa ganin haske tsakanina da matar nan."

"Yau na gani. Faɗin yatsa biyu."

"Ke da aka haifa jiya da yamma za ki koya min? Ni na yi alƙalanci cikin ruwan saman da sai da muka ɗaure ƙwallo da igiya don kar ta bi kogi."

"Shi ya sa ba ka saba ganin ta a iska ba."

Ya zaro alƙalami daga aljihun riga yana juya shi a gaban hancinta.

"Abu mai sauƙi. Ki ce miƙawa ce, kakarki ce mai hannun man shanu, in sa hannu ki kama hanya. Huɗu da rabi ta yi."

Renita ta dubi alƙalamin, ta dubi takardar. Wata shida tana karatun littafin nan cikin motar wasiƙa. Opal dai ta naɗe hannu tana kallon mijinta.

"Jifa ne, Kaka."

"Baɗi fa da nisa."

"Ko baɗin na dawo, jifa ne. Riƙe alƙalaminka ka soshe kunne da shi."

Ta ninke takarda ta nufi mota, idonta ya kawo ruwa, amma ba ta yarda ya gani ba. Ta kama murfin ke nan sai ta ji dariya a bayanta, ƙasa-ƙasa. Ta waiwaya, ga tsoho yana hura tafin hannunsa, ya yi jajir.

"Daga murhu ta ciro shi, muguwar. Ina zare tsumman na ji kamar na damƙi garwashi. Wa zai tsaya miƙawa? Wurgi na yi da shi."

"Ka ce ƙwallo kake so, ba ka ce mai sanyi ba," in ji Opal.

"Kawo takardar, guntuwa, ki juya min baya in dafa."

Ya sa hannun a karkace, yatsun suna masa zogi. Renita ta duba ta ce, "Wannan ai kamar kaza ta bi ta kai. Za su yarda kai ne?"

"Za su yarda. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya iya karanta shi. Wuce, kuma ki sa matashi a kujera, 'yan sanda su san da mutum a motar."