Ranar da na zauna a kan digirin Hadiza

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Hadiza, ɗiyar ƙanwata, ta kare aikinta na gama karatun injiniya, abin da suke kira sutenans. Ni mai tsire ne a unguwar Briqueterie, kuma duk wanda ya ga tumbina ya san ba na sayar da abin da ban ɗanɗana ba.

Tun a gida ta sha yi mini bayanin aikin. Wai zaren gilashi ne siriri kamar gashi, mai tsage-tsage a ciki waɗanda ido ba ya gani. Ana tura haske ta cikinsa, idan zaren ya miƙe ko ya ji zafi sai launin hasken da ke dawowa ya sauya. In an manna shi a jikin gada, da haka ake gane ta gaji tun kafin ta karye. Nakan ce "Masha Allah" (ban fahimci ko rabi ba).

Ranar, taksi ya maƙale da mu cikin cunkoso a unguwar Nkomkana, na ƙarasa da ƙafa, babbar riga ta jiƙe sharkaf da gumi. Na tarar ɗaki ya cika, Hadiza na gaban malamai uku tana zuba Faransanci kamar ruwa. Can gefe na hango wani dogon ƙarfe a kan ƙafafu biyu, babu kowa a kai. Na ce Allah Ya kawo benci. Na lallaɓa na zauna.

Nan take ɗaya daga cikin layuka biyu da ke kwance a jikin allon na'urarta ya yi tsalle sama. Babban malamin ya cire tabarau. (Faransancina na kasuwa ne, amma na gane ya ce na'urarta ta lalace.) Ƙanwata ta dafe ƙirji. Ni kuwa har ina tsine wa wanda ya yi wa yarinya sammu.

Hadiza ba ta ko girgiza ba. Ta ƙura wa allo ido, ta ce na'ura lafiyarta ƙalau. Layin sama, in ji ta, yana nuna an ɗora nauyi a kan ƙarfen da ta manna wa zaren, na ƙasa da ke hawa a hankali kuma yana nuna nauyin nan yana da ɗumi. Sannan ta waiwayo, ta ce da Hausa, a hankali:

"Kawu, don Allah ɗan tashi."

Na miƙe, layi ya sauka. Ɗaki ya kece da dariya.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Malamin ya ce, "Musiye, a sake zama." Sau uku ina zama ina tashi gaban surukai da maƙwabta, malamai suna rubutu suna gyaɗa kai. Suka ba ta sakamako mafi daraja.

A waje na ce, "'Yar nan, na kusa kashe miki karatu."

Ta ce, "Haba Kawu, ai ko a ɗakin gwaji ban samu nauyi mai kyau kamar naka ba."

Tun ranar, in na shiga wurin masu ilimi na ga mazauni babu kowa, sai in tsaya da ƙafafuna. Akwai dalilin da ya sa aka bar shi.