Korarru Tukuna, Ƙofa a Ƙarshe

A duk faɗin Gusau ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar yadda Talle, ƙanin matata, ya zalunce ni ba. Ni Barau, da kwamfuta ke jin tarina ta nutsu. Gidan Talle daga shi sai matarsa Ladidi da agwagi uku, kuma agwagin ne masu wayon gidan. Na ɗauke shi aiki a shagona, inda muke buga wa ɗalibai ayyukan kammala karatu.

Na yi masa bayani cewa in kwamfuta ta farka, zuciyarta kan fara ɗora jerin takardun shaidar manhajojin da aka soke, wato korarru, sannan na amintattu, sannan ta buɗe ƙofa ta bar manhaja ta shigo. Na rubuta masa a kwali: korarru tukuna, amintattu na biye, ƙofa a ƙarshe.

Wata rana na tarar ya kulle shago ta ciki.

"Talle, buɗe."

"Yaya, ban gama da korarru ba."

"Wa ka kora?"

"Ba kowa. Shi ya sa nake nema."

Rabin awa ina tsaye a rana da sabuwar shaddata.

Wata rana Ladidi ta kawo ƙara. Wai ta ajiye masa tuwo, ya ce ba ya shiga cikinsa sai da shaida. Ta dangwala yatsa a kan malmala. Ya duba, ya ce, "To wa ya shaidi yatsan?"

Wata rana na sauya jerin don kwamfutar ta riƙa tashi da sauri, na tura korarru can baya. Na ba Talle wata manhajar firinta da na tsinto a kasuwa, na ce ya saka, na tafi cin abinci. Ayyukan ɗalibai arba'in na ciki, ba mu da kwafi. Talle ya ga rubutu na gudu a allo, korarru ba su fara ba, sai ya fizge wayar wutar kwamfutar. Ya tashe ta da tsohon jeri, ita kuwa ta ƙi manhajar, wai an soke shaidarta.

Da na dawo na wanke shi tas da faɗa. La'asar na yi, sai ga maƙwabcinmu Ilu, hannu a ka. Irin manhajar ya saka, ta cinye masa komai.

Na garzaya na buɗe namu ayyukan. Arba'in, lafiya lau.

Talle ya ɗauko kwali da biro. "Yaya, wanda ya sauya jerin nan, in sa shi a korarru?"

Na ce ya rubuta Barau, amma da ƙananan baƙi.