Rasuwar Giga Huɗu, Katin Yazid Mai Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu biyu da suka ƙi zama wuri ɗaya tun ranar Laraba, Malam Yazid mai hoto na bakin tashar Filingue yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa gyara wuyan riga a gabansa, rasuwar katin ajiyar hotunansa wanda aka fi sani da Giga Huɗu. Ya rasu bayan shekara goma sha ɗaya a bakin aiki, sakamakon abin da ya same shi a wurin wankin hula.

Marigayin ɗan ƙarami ne, bai wuce faɗin babban yatsa ba, kuma ba shi da surutu. Iyakar maganar da aka taɓa ji daga bakinsa yana da lafiya ita ce “ƙwas”, ranar da aka tura shi cikin kyamara. Tun daga ranar bai sake kwana a waje ba. Ko wankin hoto za a je, da kyamarar ake tafiya a jona mata waya, shi yana ciki abinsa.

Masu hoton Yamai idan sun zo biki, da 'yar jaka mai aljihu-aljihu suke zuwa, kati shida, kati takwas, wannan giga sittin da huɗu, wancan ɗari da ashirin da takwas, su yi ta ɗaukar mutum har yana atishawa. Yazid kati ɗaya gare shi. Hoto dubu da 'yan kai marigayin ke ci, sai ya nuna ya ƙoshi. Shi ya koya wa Yazid haƙuri: ba ya danna maɓalli sai kowa ya rufe baki ya buɗe ido. Kullum bayan la'asar kuma zai zauna a kan bencinsa yana goge hotunan da aka riga aka wanke, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Akwai wurin da ake dannawa a share duka lokaci guda. Yazid bai taɓa kai yatsansa can ba, saboda hoto na ɗari biyu da sha bakwai.

Wannan hoton na Kailu ne, wani saurayi daga ƙauye yamma da gari. Shekara bakwai ke nan da ya tsaya a bakin tasha da jakarsa a kafaɗa, za shi cin rani arewa, ya ce a ɗauke shi a ajiye wa innarsa. Wata biyu bayan haka labari ya zo cewa motarsu ta mutu a cikin hamada. Ba a kawo gawa ba, ba a nuna kabari ba.

Yazid ya wanke hoton ya ba mahaifiyar yaron, Inna Muna. Damina ɗaya gara ta cinye shi tare da gindin akwatin da aka ɓoye shi. Da ya ce zai sake wanke wani, tsohuwar ta girgiza kai.

“Wancan takarda ta, ɗana,” in ji ta. “Na cikin ƙarhen ga shi ad da haske ga ido. Bar min shi nan wurinka, ni riƙa zuwa ina gaishe shi.”

Haka kuwa aka yi. Duk ranar kasuwa za ta iso a amalanke da tabarminta na sayarwa, kafin ta shimfiɗa ko ɗaya sai ta tsaya wurin Yazid. Ya kunna kyamara, ya kare mata rana da tafin hannu, ya jawo fuskar kusa. Ta duba, ta duba, ta ce, “To, madalla,” ta wuce. An sha gaya wa Yazid ya kwafe hoton nan a waya ko a wani wurin. Ya ce gobe. Mutumin kirki ne, amma gobensa doguwa ce, kowa a tasha ya sani.

Ajalin marigayi ya zo ne ta hanyar gata. An ba Yazid aikin ɗaukar kokawa ta kwana biyu, wani abokin sana'a ya yi masa dariya a gaban mutane, ya ce da wannan ɗan tsito ko kamu uku ba zai ɗauka ba. Abin ya yi masa zafi. Ya je ya sayo sabon kati mai giga sittin da huɗu, ya ce bari tsoho ya huta. Ya zare shi a hankali, ya rasa inda ya isa ya ajiye shi, sai ya cusa shi cikin lanƙwasar hularsa, inda yake ajiye duk abin da ba ya so ya ɓata.

Laraba da safe matarsa Safi ta ga Juma'a na matsowa, ta tattara hulunansa ta kai wa Abba mai wankin hula. Ba wanda zai ga laifinta, kuma wannan sanarwa ba ta yarda a gani ba. Abba kuwa ba ya ha'inci a aiki. Ya jiƙa, ya saɓa sabulu, ya dirje da buroshi, ya tsoma a sitaci, ya kifa hular a kan gungume ya bi ta da bugu. Lokacin da Yazid ya iso a guje, takalmi ƙafa ɗaya, hular tana shanye a rana tana ƙyalli.

“Wallahi Malam Yazid, na ji wani abu ya yi ƙas,” in ji Abba. “Ni na aza ɓarin goro na.”

Wannan “ƙas” ita ce maganar marigayi ta biyu, kuma ta ƙarshe.

An yi iya ƙoƙari. An binne shi a kwanon gero ya yini ya kwana don ya tsotse ruwan. An hura masa iska, an goge haƙoransa da gefen riga. Alhamis Yazid ya shiga mota zuwa Yamai, ya zaga masu gyara uku. Na ƙarshen ya duba da gilashi, ya ce cikin ne ya tsage, ko an kai shi ƙasar da aka ƙera shi sai dai a yi masa addu'a.

Tun dawowarsa Yazid bai zauna ba. Ya buɗe kyamara, ya tura katin, ya zare, ya sake turawa. Ya tafi bakin tasha, ya dawo, ya manta abin da ya kai shi. An zuba masa shayi sau uku yana hucewa a kan benci. Wani ya ba shi shawara ya ce wa tsohuwar batir ne ya mutu, mako mai zuwa ya ce caja ce, a haka har ta gaji. Ya gwada faɗin hakan a bakinsa, ya ji ba za ta fita ba. Sai ya ce to, ai shi ya ga fuskar nan fiye da sau ɗari uku, zai zauna ya siffanta mata ita tsaf. Ya fara gwadawa a gaban Safi: dogo, baƙi, riga shuɗiya, da tabo a gira. Safi ta ce wace girar? Yazid ya taɓa ta dama, ya taɓa ta hagu, ya rasa wacce ce. Nan ne ya yi kuka, kuma ba ya jin kunyar a rubuta.

Marigayin ya bar kyamara ɗaya, da batura biyu, da caja mai ɗaurin roba a wuya. Ya bar sabon kati mai ciki kamar rumbu, babu ko ƙwaya a ciki da wani ke marmarin gani. Ya kuma bar Inna Muna, wadda har yanzu ba ta ji ba.

Za a yi jana'iza gobe ranar kasuwa bayan la'asar, a gindin bishiyar da ke bayan bencin Yazid, cikin kwalin ashana. Ba za a sa shi a rami ba sai tsohuwar ta ji daga bakin Yazid kansa. Ba a bukatar goro ko dabino. Abin da ake roƙo shi ne, duk wanda ya san Kailu ido da ido, abokin noma ne, ko direba, ko wanda suka taɓa cin tuwo kwano ɗaya, ya zo da abin da ya riƙe na kamanninsa, kome ƙanƙantarsa, a haɗa mata. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Amalanken Inna Muna da hantsi yake isowa. Don Allah a riga ta zuwa, Yazid ba zai iya tsayawa gabanta shi kaɗai ba.