Kaka Ta Ci Shinkafar Direba

"Lafiya lau, ya gajiyar hanya? Af, kai ne ashe. Maido min gaisuwata."

Mai Ɗinki ce a bakin kicin, da kuloli uku a hannu. Kwana shida ke nan da aka sallamo kakarsu daga asibiti, kullum ita ke kawo abinci, kullum Kaka ta ture. Likita kuwa ya ce in ba ta fara ci ba zuwa gobe, sai a mayar da ita a ɗaura mata ruwa. Yau ta shigo ta tarar da taubashinta Direba yana wanke faranti, baki har kunne.

"Farantin wa kake suɗewa, gwauro?"

"Na Kaka. Ta cinye tas, har da ƙari."

"Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Me ta ci?"

"Girkina."

Sai da ta dire kulolin. Wallahi abin ya sosa mata rai, don tun asuba take tsaye a kan wuta.

"Kai? Kai da ko ruwan shayi sai ka ƙona? Me ka dafa?"

"Abin da na tarar. Shinkafa gwangwani biyu a sito, da albasa ɗaya. Na buɗe firiza na ga markaɗen tumatir a leda, da ƙullin koren wake, da cinyar kaza guda da ta daskare kamar dutse. Na haɗa su a tukunya ɗaya."

"Tukunya ɗaya! Wannan ai sharar firiza ka yi. Ni tukwane huɗu na ɗora."

"Ba girin-girin ba, ta yi mai. Da babu shinkafar ma alkama zan zuba, da babu kaza in buɗe kifin gwangwani."

"Allah ya isa tsakanina da kai. Tsafi ka yi mata."

"Hassada ga mai rabo taki ce, Uwar Kuloli."

Ta fizge murfin tukunyar ta ɗanɗana ƙanzo. Ta ɓata fuska, amma ta sake kai cokali.

"Gishiri ya yi kaɗan. Shinkafar ta caɓe."

"Shi ya sa kika koma na biyu?"

"Bincike nake yi. Ni ce fa na tashi a hannunta! Ni ta koya wa riƙon ludayi, lokacin kana yawo da majina a baki. Yanzu a ce tsohuwar nan ta ƙi nawa ta ci na mai warin fetur?"

Ta juya masa baya tana gyara murfin kula. Direba ya lura, sai ya rage dariyar.

"To, in kin ce ni ne ubangidanki, in faɗa miki sirrin."

"Ubangidan kaji. Faɗi ko in kife maka tukunyar nan a ka."

"Ke in kin zo, me kike ce mata?"

"In ce ta kwanta ta huta, na gama komai."

"Shi ke nan. Matar da ta shekara sittin tana mulkin kicin, kin mayar da ita baƙuwa a gidanta. Ni kuwa ƙofar ɗakinta na buɗe, na ɗaga murya na ce, Kaka, kazar nan da ƙanƙararta ake jefawa a mai? Ta ce uwaka, jiƙa ta a ruwa tukuna! Na ce albasa a ƙarshe ake sawa? Ta tashi zaune. Kafin ruwa ya tafasa ta zage ni sau tara. Da ya nuna ta ce in kawo ta ga irin ɓarnar da na yi mata."

"Ta cinye?"

"Ba nawa ta ci ba, nata ta ci."

Mai Ɗinki ta kalli kulolinta. Can ta ɗaure gyale a ƙugu, ta buɗe firiza ta zaro leda ɗaya, ta tura ƙofar ɗakin da ƙafa.

"Kaka! Na rana zan ɗora. Shinkafa ba sai an wanke ta ba, ko?"

Gado ya yi ƙara. Sai ga ƙwas-ƙwas ɗin sanda a ƙasa, karo na farko a kwana shida.

"Ke ma kin haukace? Ajiye min tukunya, ga ni nan! Duk na haifi sakarkaru!"

Mai Ɗinki ta tuntsire da dariya tana share ido da bakin gyale. Ta tura wa Direba kulolin nan uku da ƙafa.

"Ɗauka, gwauro, ka ci na mutane ko sau ɗaya a rayuwarka. Amma jawo mata kujera tukuna."