Tutar Da Aka Ɗinko Wa Baƙi

Yau kwanana tara ina ɗumama benci a ƙofar ofishin Mai Girma Babban Darakta, da littafin sanin makamar aiki a cinyata. Da safe a ƙafa na taho daga Sabon Gari, don 'yan adaidaita sahu duk suna layin mai. Na tsallake kwata uku lafiya, ta huɗu ta karɓe min takalmi. Na isa da ƙafa ɗaya cikin laka, masinja ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Oga yana mitin." Ta ƙasan ƙofa kuwa ƙamshin farfesu nake jiyowa da ƙarar cokali. Da alama mitin ne mai ƙashi.

Ga wanda bai sani ba, ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a jami'a, hulɗar ƙasa da ƙasa nake karantawa. Shekara huɗu aka ce mana, yajin aiki ya yi mana gyara ta koma shida. Kafin a ba mu digiri sai mun yi wata shida a wani ofis, shugaban wurin ya sa hannu a littafi. In babu sa hannu, sai baɗi. Jibi Juma'a ake rufe karɓa.

Maƙwabciyarmu Mama Ujunwa, mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa, har gobe ba ta yarda karatu nake ba. "Lucia, wai in kin gama me za ki riƙa sayarwa?" Na ce sulhu tsakanin ƙasashe. Ta ce, "Sulhu? Jiya na raba mai shinkafa da mai taliya sun shaƙe juna, ko ruwan leda ba wanda ya ba ni, balle digiri."

Ofishin da aka tura ni wata hukuma ce mai dogon suna, aikinta tarbar baƙi da ƙulla zumunci. A wata biyar na farko hulɗa ɗaya na ƙware a kai, wadda ke tsakanin filas ɗin shayi da kofin Oga. Ban yi ƙorafi ba. Wadda ta yi karatun jarrabawa da fitilar waya, ta zauna ajin mutum ɗari uku a kan bulo, ɗaukar filas ba zai kashe ta ba.

Sai ga labari wasu baƙi za su zo daga wata ƙasa mai nisa, su duba yadda za a gyara magudanan ruwan Fagge. Ofis ya farka. Aka shafa wa duwatsun bakin titi fenti, amma gefen da motar baƙi za ta gani kaɗai, don shugabanninmu ba sa son almubazzaranci. Aka ce a ɗinko tutar baƙi, babba ɗaya da ƙanana ɗari biyu. Bayan dogon bincike a faɗin jiha, aka gano ba wanda ya cancanci aikin sai surukin Oga, Alhaji Garkuwan Kwangila. Alhaji ya laluba wayarsa, ya ga tutar da ta yi masa kyau, ya tura wa Malam Abdulnasir tela a Fagge.

Saura kwana uku baƙi su iso na ga tutocin. Launukan na ƙasar baƙin ne, amma jerin na maƙwabciyarsu ne, ƙasar da suka gwabza yaƙi da ita, wadda har yau ba sa zama teburi ɗaya. A aji biyu na rubuta jarrabawa a kan wannan yaƙin. Na ruga wajen shugaban sashenmu. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Oga ya gani?" Na ce ya gani. "Me ya ce?" Na ce ya ce ta yi kyau. Ya buɗe hannu. "To 'yata, abin da Oga ya yaba, ni wa zan ce kuskure ne? Ki rubuta a fayil."

Haka ake aiki a can. Magana ba ta hawa bene da ƙafarta, sai a cikin fayil, mataki bayan mataki. Na rubuta. Fayil ya je wajen mataimaki na biyu, yana ɗaurin aure. Ya je wajen na ɗaya, ya rubuta "a duba" ya maido wa na biyu. Ina jin yanzu haka yana kan hanya, Allah ya kai shi lafiya.

Ranar tarba makaɗa sun jeru, manya sun sha babbar riga, tutoci na kaɗawa. Motar baƙi ta tsaya. Shugabarsu, wata dattijuwa mai furfura, ta leƙo, ta ga abin da ke kan sanda, ta ƙi buɗe ƙofa. Oga ya rusuna wajen shugaban sashenmu ya ce, "Kunya take ji. A ƙara kiɗa." Aka ƙara. Minti biyar ana kaɗa wa baiwar Allah tutar waɗanda suka yaƙi iyayenta, ana murmushi.

Ni dai na ajiye farantin lemo, na ratsa ta gaban manya, na kwance igiya na sauke tutar, na je jikin mota na ba da haƙuri da Turanci. Suka fito, suka sha ruwa a tsaye, suka tafi. Maganar magudana ta bi su.

Kada ku ce laifina sauke tuta ne. Laifina na tsallake mataki. Sharaɗin Oga ɗaya ne: in rubuta rahoto cewa tela ne ya hautsina launuka, a miƙa telan inda ya dace, ni kuma a sa min hannu.

Na je shagon Malam Abdulnasir. Ya ɗauke ƙafa daga keke, ya nuna min hoton da Alhaji ya turo masa, zare bai kuskure ba. Ya ce, "Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa sa aljihu a baya ba. Amma 'yata, kada ki zubar da karatunki a kan tela. Rubuta kawai, in sun tsare ni sa sake ni." Na ce, "Baba, in na rubuta, me na karanta?"

Ɗazu da la'asar aka gama mitin, aka ce in shiga. Oga na sakace, takarda biyu a gabansa. Ya turo min ɗaya da ɗan yatsa, rahoton tela ne an riga an rubuta, ɗayar kuma littafina ne da na ajiye masa. "Ki sa hannu a tawa, in sa a taki. Ai ita ke nan diflomasiyya, ko ba a koya muku ba?"

Na ce, "An koya mana, ranka ya daɗe. An kuma koya mana tutoci." Na ɗauki littafina na fito.

Saboda haka sai baɗi. Shida ta zama bakwai, kuma ba zan ce muku bai yi min zafi ba, a bayan wata mota na tsaya na share ido kafin in kama hanya. Amma ban rusuna ba, Malam Abdulnasir kuma gobe zai buɗe shagonsa.

Don kada a ce ba na yabo: hukuma ba ta yi barci ba. An kafa kwamitin mutum goma sha ɗaya, ƙarƙashin Alhaji Garkuwan Kwangila, zai tafi ƙasar baƙin ya ga tutar da idonsa. Tutoci ɗari biyun kuma an adana su a sito, wai ko masu ita na ainihi za su kawo ziyara wata rana. Ku rubuta ku ajiye, ranar da suka zo, ranar za a ɗinko ta baƙinmu na farko daidai.