Koren Fetur a Kwalbar Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a farkon shekarar 2007 ba, ranar da na tsaya a tsakiyar gidan mai a Jidda, cikin babbar riga ta shadda, na ɗaga kwalba sama ina sanar da jama'a cewa na kama macuta. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk wanda na so in ɗora wa laifin, in na zauna na duba sai in ga ya fi ni gaskiya.

Bari in fara kare kaina, tunda ba wanda zai kare ni. Ni mutumin Kano ne, kuma na ga wahalar mai da idona. Na wuni a layi tun safe har la'asar, aka zo kaina aka ce mai ya ƙare. Na sayi galan a hannun 'yan bumburutu, ashe rabinsa kananzir ne, injin motata ta farko ya buga a hanyar Wudil, motar da na shekara huɗu ina tara kuɗinta. Tun daga ranar na yi wa kaina alkawari ba za a ƙara cuta ta a kan fetur ba. Kullum akwai farar kwalba a motata. In na ga abin da ban yarda da shi ba, sai a ɗan tsiyaya mini, in duba launi, in sansana, in ɗiga a bayan hannu in ga ko zai bushe nan take. Da wannan ɗabi'a na sauka Jidda, inda na samu aikin gwajin jini a wani asibitin kuɗi a unguwar Bani Malik. (Hausawan unguwar suna ce mini Dakta. Ni ba likita ba ne, amma ban taɓa gyara wa kowa ba.)

Shekara biyu na yi motar asibiti ce take ɗauko ni daga unguwar Safa, inda nake zaune, tana mayar da ni. Sai da na dawo daga hutun da na je gida na sayi wata tsohuwar mota 'yar Japan. Satin da na karɓe ta, Kawu Abbakar, ƙanin mahaifiyar matata, ya ce in kai shi walimar aure a Khumra. Kawu haifaffen Jidda ne, dattijo mai ƙarancin magana, wanda Hausarsa ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da Larabci. Na ji daɗi, don dama ina neman hanyar da zan nuna masa 'yarsu ba ta auri sakarai ba.

Muka tsaya shan mai a Bani Malik bayan azahar. Kawu ya sauka ya shiga shagon da ke gefe. Mai zuba man ya ƙaraso, wani mutum mai furfura a gemu, ya kalli hulata ya washe baki.

"Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Daga Nijeriya?"

Na ce daga Kano. Ya ce sunansa Isa, daga Damagaram, shekararsa goma sha ɗaya a wannan gidan mai. Muka gaisa sosai, ya tambayi iyali, na tambayi nasa, ya ce suna can gida, shi ne nan yana nema musu. Sannan ya leƙa motar ya ce:

"Dakta ko? Na san ka a asibiti. Bari in sa maka mai arahar, wannan motar ba ta buƙatar mai tsadar. Kada ka yi asarar kuɗinka."

Mai arahar. A nan ne kunnena ya tsaya. A ƙasar da litar fetur ba ta kai kuɗin ƙaramar kwalbar ruwa ba, me ake nema da wani mai araha kuma? A inda na fito, fetur ba ya araha sai an yi masa wani abu. Na yi murmushin wanda ya san duniya, na jawo kwalbata daga ƙarƙashin kujera, na ce ya ɗan tsiyaya mini in gani.

Ya waiga wajen ofis. "Wallahi Dakta an hana zuba mai a kwalba. Mudir ba ya wasa da wannan." (Mudir shi ne manajan wurin.)

"Haba Malam Isa, ɗan kaɗan fa. Ni da kai ai ba ma haka."

Wannan maganar ce ta karya shi. Ya tsuguna a bayan mota, ya kare da jikinsa, ya tsiyaya mini kamar rabin kofi. Na ɗaga kwalbar na haska a rana, sai na ga fetur kore shar, kamar ruwan ganye.

To, ga inda ɗan guntun ilimi ya kashe ni. Kwanaki kaɗan kafin nan na saurari wani shiri a rediyo, ana bayanin cewa a wasu ƙasashen ana haɗa fetur da wani sinadari wai shi etanol, wanda ake tatsa daga masara da rake, kuma asalinsa barasa ce. Har aka ce haɗin lokacin zafi daban, na lokacin sanyi daban, direbobi suna ƙorafin man ba ya daɗewa a tanki. Nan take na haɗa lissafina: masara koriya ce a gona, rake kore ne, ga fetur kore, ga araha, ga mutum yana ɓoye-ɓoye. (Ban tsaya na tuna cewa saboda ni yake ɓoyewar ba.) Na sansana, na ji warin fetur sak, amma zuciyata ta riga ta yanke hukunci, sai hancin ya bi ta.

Jinina ya hau. Injin da ya buga a hanyar Wudil ya dawo mini sabo. Wato har a ƙasa mai tsarki ma ba za a bar talaka ya huta ba? Har nan sai an biyo mu da haɗe-haɗe, kuma da barasa? Na fito daga mota, na gyara babbar riga, na hau dakalin famfo don kowa ya gan ni.

Larabcina a lokacin na asibiti ne, miƙo hannu, dunƙule, khalas, an gama. Amma fushi ya ba ni kalmomi. Na ɗaga kwalba na ce da ƙarfi, "Haza mush banzin! Haza khamr!" Wato wannan ba fetur ba ne, giya ce.

Wanda bai zauna Saudiyya ba ba zai san nauyin wannan kalmar a bainar jama'a ba. Masu danna oda a bayana suka daina. Wani Balarabe ya sauke gilashi, wani ya fito daga motarsa gaba ɗaya. Malam Isa ya kama hannun rigata yana cewa, "Dakta, don girman Allah sauko, ka rufa mini asiri." Na fizge. Na ce masa da Hausa, yadda duk Bahaushen da ke wurin zai ji, wai kunya ba ta kama shi ba, da furfurarsa, ya cuci ɗan'uwansa a ƙasar mutane. Na ƙara da cewa ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne, zan kai wannan kwalbar a auna, sai an rufe wurin nan.

Mudir ya fito, wani gajeren mutumin Yaman. Bai ɗaga murya ba. Ya kalli kwalbar, ya kalle ni, ya kama hannuna kamar mai tsallakar da makaho titi, ya juya ni. A jikin famfon da nake tsaye a gabansa, daidai bayan ƙeyata, akwai wata takarda da ta kusa kai faɗin sallaya. Hoton ɗigon mai guda biyu ne a jiki, ɗaya ja an rubuta 95, ɗaya kore an rubuta 91, da bayani da Larabci da Turanci. Bakin tiyon da Malam Isa ke riƙe da shi ma kore ne.

Sai ga Kawu ya ƙaraso da ledar ruwa a hannu. Ya saurari mudir, ya juyo gare ni a hankali.

"Ya waladi, ɗana, me ka yi haka? Hukuma ce ta kawo banzin iri biyu. Ahmar da akhdar, ja da kore. Launi kawai aka sa don kada a rikita. Wata guda ana faɗa a talabijin, har yara sun sani."

Na ce ina Kano lokacin. Na ce ai da sai ya gaya mini a hanya.

"Ka tambaye ni?"

Ban tambaye shi ba. Har yau ina jin haushin wannan amsar, don ba ta da inda za a kama ta. Na sauko daga dakalin da kwalba a hannu, na rasa inda zan ajiye ta. Wani a cikin layi ya ce wani abu, aka kwashe da dariya, aka ci gaba da danna oda ana yalla, yalla, wato a yi sauri. Na ɗauka kunyar ta ƙare ke nan, ashe ba a fara ba. Mudir ya karɓi kwalbar daga hannuna, ya juya ga Malam Isa, ya yi masa tambaya ɗaya: wa ya zuba mai a kwalbar nan?

Malam Isa bai nuna ni ba. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. A gabana mudir ya sa shi cire rigar aiki.

Mun je walimar, amma ban san abin da na ci ba. A hanyar dawowa Kawu ya yi maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce mai gidan man shi ne kafilin Malam Isa, wato iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, a ƙarƙashin sunan mutumin take. In ya ga dama gobe ya buga masa takardar fita, shekara goma sha ɗaya ta tashi a banza, iyalin da ke Damagaram su koma kallon sama. "Kai kana da aƙad da mustashfa, ya Dakta," in ji shi, yana nufin kwantiragina da asibiti. "Shi me yake da shi?" Yadda ya ja kalmar Dakta ɗin, gara ya zage ni.

Kwana uku muna sintiri, ni da Kawu, tsakanin ofishin mudir da gidan kafili. Ni da na hau dakali ina wa'azi, ni ne na zauna a tabarmar ƙofar gida ina jiran a ba ni izinin shiga. Na rantse ni na matsa wa Malam Isa. Kawu ya fassara, kuma ina zargin ya ƙara da cewa ba ni da cikakken hankali, don na ga kafilin ya kalle ni da tausayi. A ƙarshe aka ce ba za a kori Malam Isa ba, amma ba zai koma Bani Malik ba. Aka tura shi wani gidan mai na mutumin a Khumra, can bayan gari cikin rumbunan ajiya, inda manyan motoci ke shan gas tun safe har dare. Ya bar ɗakinsa da maƙwabtansa na shekara da shekaru, ya koma masaukin leburori.

Na je na same shi na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Tun daga lokacin, duk Alhamis sai na tuƙa daga Safa har Khumra in sha mai a wurinsa, in ƙona a hanya fiye da abin da koren man yake rage mini. Matata ta ce wannan ba tuba ba ce, wauta ce kashi na biyu. Wataƙila ta yi gaskiya.

Abin da na koya dai, wayon da wahala ta koya maka a gida, in ka kai shi wata ƙasa, fara karanta abin da aka manna a bango kafin ka hau dakali. Kwalbar kuwa na daina yawo da ita.

Shekara uku na yi ina zuwa Khumra kafin kwantiragina ya ƙare. Malam Isa bai taɓa ɓata mini rai ba, bai taɓa tayar da maganar ba. Amma mutumin da ya washe baki don ya ga hular Kano bai ƙara yi mini Hausa a bakin famfo ba. In na sauke gilashi na ce, "Malam Isa, ina wuni, ya aiki?" sai ya kalli murfin tanki, ya tambaye ni yadda yake tambayar kowane baƙo:

"Ahmar walla akhdar?"