Yadda Na Goge Gaisuwar Yayana

Bayan sadakar arba'in ta Yaya Isyaku, malamin gona a Gwaram, matarsa Rabi ta ba ni lambar sirrin imel ɗinsa. Wani ɗakin karatu ne ya nemi wasiƙunsa don adanawa a kwamfuta. Ni kuwa ni ne masanin gidan, tunda na taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na sati uku a Birnin Kudu.

Na shiga shagon intanet, na gyara zaman hula. Kowace wasiƙa sai ta fara da gaisuwa layi goma: ya gida, ya ruwa, an yi shuka a Kangire, Rabi ta sauka lafiya, jaririya ta fara dariya. Na ce wannan ɓata wa masu bincike lokaci ne. Na kwafe maganar taki da iri kawai, na goge na asalin, har kwandon shara na zazzage don aiki ya fita tsaf.

Da na kai abin da na kwafa, ma'aikaciyar ɗakin karatun ta duba, ta ɗago kai. "Malam, ina mutumin? Ni taki kawai nake gani."

Rabi ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Da ma so nake in yara sun girma su ga inda ya ambaci sunayensu." Ta shige ɗaki.

Yau shekaru ke nan. In na je Gwaram na ce musu ina kwana, sai ta dubi yaran ta ce, "Ku amsa da sauri, kafin Baffanku ya goge."